Kada Ki Matso, Malama

"Kada ki matso, Malama!"

Ta ja ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji, ranta a ɓace. Ɗalibin nan ne da ta hana kunna na'urarsa mai cin wuta har sai sun zauna sun tantance haɗarinta. Ga shi ya kunna, na'urar tana gurnani, shi kuma ya haye kujera, ya ɗaga wata wayar lantarki sama, gumi na tsiyayo masa.

"Ni kake ba umarni? Sauko ka kashe ta!"

"Ba zan iya ba."

"Wallahi in na ƙaraso, kai da digiri sai a mafarki."

"Na yarda, ki kore ni. Amma don Allah dubi ƙasa."

Ta duba. Bututun sanyaya na'urar ya fashe, ruwa ya malale ɗakin, yana lasar bakin takalminta. Wayar hannunsa kuwa tsinkakkiya ce, bakinta tsirara yana lilo.

"Hannuna ya gaji, Malama."

Ta ruga baranda, ta finciko babban makunnin wutar ginin. Gurnanin ya ɗauke. Cikin shirun nan ta ji wayar ta faɗa ruwa.