Maɓalli na Ƙarshe

Tun da ciwon mantuwa ya kama matarsa, tsohon telan ne ke saka mata maɓallan riga kowace safiya. Yau ta ƙura masa ido.

"Bawan Allah, kullum sai ka zo. Me kake nema?"

Shekara arba'in da bakwai suna tare. Can ya ce, "Aurenki nake so."

Ta sunkuyar da kai, ta janye hannunsa a hankali. "Ka yi haƙuri, ina da miji. Tela ne. Ko yau aka ba ni zaɓi, shi zan ɗauka."

Ya yi tsaye, saura maɓalli ɗaya, ya kasa gane ko ƙin sa aka yi ko zaɓen sa.