Kukun Jirgi da Matakalan Busan

Ilu, tun ranar da kamfanin nan ya kira ka ganawa ka kasa zaune ka kasa tsaye, har na ji wai gobe za ka ajiye aikin da ke hannunka. Ja kujera ka zauna, in ba ka wani misali.

An yi wani mutumin ƙasarmu da ya shekara takwas yana aikin kuku a wani jirgin ruwa na dakon kaya. Da aikin ya gina gida, da shi yake riƙe da iyalinsa da na ƙanensa. Wata rana jirginsu ya tsaya a Busan, birnin gaɓar teku a ƙasar Koriya, aka ba su izinin fita da safe, da sharaɗin kowa ya dawo kafin ƙarfe huɗu, don da biyar za a tashi. Shi kuwa mutumin, Allah ya yi shi da ƙaiƙayin ƙafa. Ya faɗa kasuwar kifi, inda mata sanye da takalman roba ke ta watsa ruwa, ga wasu halittu masu hannaye takwas suna motsi cikin baho. Bai gama kallo ba ya ji an ce akwai wani lambu mai doguwar hasumiya, ya zabura can. Ya tarar da tsofaffi a inuwa suna wani wasa irin dara, bai ko sa gindinsa a benci ba ya hango wata unguwa manne a jikin tsauni, gidaje shuɗi da rawaya da ja, wani kan wani kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya. Ya ce ai ko zai mutu sai ya taka can. Ya hau wata ƙaramar bas ta kai shi har ƙololuwa, ya shiga wannan lungu ya fita wancan, yana leƙen zane-zanen bango, har ƙarfe uku ta yi.

Wata tsohuwa mai toya waina da sukari ta lura da katin tashar jirgi a wuyansa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma ta nuna masa agogo, ta nuna bas ɗin da ke shirin gangarawa, ta yi ta kaɗa masa hannu ya shiga. Ya yi dariya, ya nuna mata teku. Ga jirginsu can ƙasa ƙiri-ƙiri, har yana iya karanta sunan da ke jikinsa. A ransa ya ce, “Abin da nake gani da idona ne zan zagaya dominsa a mota?” Ka san mu ’yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A wurinmu in ka hango kukar bakin gari, sai ka miƙe sak ka isa. Da wannan lissafin ya kama matakala ya fara gangarawa. Ta farko ta kai shi ƙofar gidan mutane. Ta biyu ta ajiye shi kan rufin wani gida, tsakanin shanya da tankin ruwa. Ta uku ma sai da ya hau kafin ta yarda ta sauka. Gumi ya jiƙa masa riga, ga shi duk inda ya samu ’yar kafa tsakanin gidaje sai ya ga jirgin yana nan, kamar yana yi masa gwalo. Da ya iso ƙasa da ƙyar, dogayen benaye suka tare masa tekun gaba ɗaya. Ya ci karo da babban titin da ba a tsallaka shi da ƙafa, bayansa kuma shingen tasha mai tsawon da ya fi daga nan zuwa tashar mota sau biyar, ƙofar tana can ɗaya ƙarshen. Yana cikin gudu a gindin shingen nan ya ji jirgi ya busa ƙaho.

Jirgin kaya ba ya jiran kyaftin ma, balle mai dafa shinkafa. Da ya kai ƙofa, maigadi ya miƙo masa jakarsa da fasfonsa, an sauke masa su. Ya tsaya yana haki, ya riƙe ƙarfen shinge, yana kallon aikinsa na shekara takwas yana fita bakin teku. Wallahi duk sa’ad da na tuna mutumin nan sai tausayi ya kama ni, don har a lokacin yana iya karanta sunan jirgin.

To, Ilu, kiran ganawa kawai aka yi maka. Ka bar takardar ajiye aikin nan a aljihu sai ka ga ta ɗauka a hannunka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.