Faifan Silvanus Mai Kukan Sauro

Faifai ɗaya tal Silvanus yake yawo da shi, shi ma ba waƙa a kansa. In aka ɗora masa allura, ba abin da za ka ji sai wani fito siriri kamar kukan sauro. Amma da shi yake girgiza bukukuwan Kafanchan a shekarar 1998.

Bayaninsa bai taɓa canzawa ba. Fiton yana bin waya ya shiga kwamfuta, ita kuma ta saki waƙar da aka nema. In ya danne faifan da yatsa, fito ya ɗauke, waƙa ta tsaya. In ya saki, ta ci gaba. Kwamfutar tana cikin wani ƙaton akwatin katako da ya mayar teburi, mai huji-huji a gefe don shan iska. Ba ya yarda a ajiye shi a rana, ba ya yarda a zauna a kai. Shi yake riga kowa zuwa fili, shi ne kuma ƙarshen tashi.

Matarsa Afiniki kuwa ba a taɓa ganinta wurin kiɗansa ba. Mata suka yi ta tsegumi, wai kunyar auren mai kaɗa sauro take ji.

Da Kirsimeti ya matso, kwamitin rawar gari ya rabu biyu: a ba Silvanus, ko a ɗauko wani daga Kaduna mai faifai buhu guda. Silvanus ya riga ya yi wa surukinsa alkawari, in aikin nan ya kuɓuce masa zai tattara ya koma gonar citta a Nok. Shi da fartanya kuwa, ko a mafarki ba sa ga maciji.

Baba Azariya, shugaban kwamiti, ya sa a yi gwaji da la'asar a filin makaranta, ya kira Jamiluddeen mai gyaran rediyo ya zama alƙali.

"Buɗe mu ga cikinta," in ji Jamiluddeen.

"Oga, ba ta son a kalle ta in tana aiki."

Sai Jamiluddeen ya sa nasa yatsan a kan faifan. Waƙa ta tsaya cak. Ya saki, ta ɗora. Ya danna da sauri-sauri don ya ruɗa ta, ta bi shi tiryan-tiryan. Ya gyara hularsa ya ce shi dai bai taɓa ganin na'ura mai basira haka ba. Duk waƙar da aka kira, ta coci ko ta rawa, sai ga ta.

Baba Azariya na shirin miƙa hannu, sai Yemima ta ratso taron tana rangaji. Kowa ya san ita Silvanus ya fara nema kafin ya yi aure.

"Silva, sa mini wancan waƙa namu na da."

Silvanus ya yi mata murmushi, ya saki faifan. Shiru. Ya sake ɗora allura. Shiru, sai kukan sauro. Gumi ya karyo masa, gonar citta ta fara yi masa gizo. Ya durƙusa ya kafa baki a hujin akwatin yana raɗa, har wata tsohuwa ta ce amin, ta ɗauka addu'a yake yi. Ko gezau.

Can ya miƙe, ya ɗauki makirfo.

"Jama'a, wancan waƙa ta mutu tuntuni. Wanda zan sa yanzu na Afiniki ne, matata, wadda babu kamarta daga nan har Zonkwa!"

Kafin ya rufe baki kiɗa ya ɓarke. Fili ya kaure da rawa, har Baba Azariya ya yar da sandarsa. Nan take aka ba shi aikin, Yemima kuwa ta sulale.

Da fili ya watse, Silvanus ya duba gabas da yamma, ya zare sakatar bayan akwatin. Afiniki ta rarrafo waje, abin sauraro a kunne, kaset-kaset cike da zaninta, ta miƙe ƙugu ta ce, "Gobe ma ka sake yi mata murmushi, ka ga yadda kwamfuta ke lalacewa."