Dutsen Da Aka Kife

Ta miƙa hannu za ta ɗaga dutsen niƙan ta sa a akwati, sai gwaggonta ta ce, "Ke! Kayan mutane ne fa."

Tono kayan mutanen zamanin da shi ne aikinta, kuma ita da kanta ta tono wannan dutse a kogon kakanninta, cikin jar hamadar Ostareliya. An auna yashin da ke ƙarƙashinsa, aka ce rabonsa da ganin rana shekara dubu talatin. Ga mota tana jira ta kai shi gidan tarihi.

"Gwaggo, waɗanne mutane kuma? Mai shi ko ƙurarta babu."

"A kife kika same shi, ko? Mace ba ta kife dutsenta sai in za ta dawo."

Ta janye hannunta daga dutsen. Haka uwarta ke kife nata duk sanda za su bar zango.

Tsohuwar ta juya dutsen, ta zuba masa tsabar ciyawar da suke gurasa da ita, ta miƙo mata ɗan dutsen. Ta karɓa da hagu, don bahaguwa ce, sai yatsunta suka zauna daram cikin gurbin da wasu yatsun hagu suka bari. Ta tura sau ɗaya, kogon ya amsa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hankali, "Kin jima a hanya, 'yar nan. Sannu da dawowa."