Fallen da Ya Sauya Wuri

Malama Uwani, ajiye wayar nan tukuna. Kin ce hotunan da aka turo miki sun ishe ki rubuta babin nan, ba sai kin sha wahalar zuwa gidan masu littafin ba. To, zauna ki ji wani misali, in kin ji sai ki yi abin da kika ga dama.

An yi wani malamin jami'a mai binciken tarihin shari'a kamar ke, ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga kuma rawar kai. Ya ji labarin wani gidan malamai a wani tsohon gari, inda ake ajiye da kundin hukunce-hukuncen kakansu, alƙalin da ya yi zamani wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. In kundin ya tsufa a sake kwafe shi, haka ake yi tun kaka da kakanni. Dattijon gidan bai taɓa barin baƙo ya sa masa hannu ba, amma da aka ce masa duniya za a nuna wa adalcin kakansa, sai ya ciro gafakar da kundin ke ciki ya miƙa wa malamin da hannu biyu. Kin dai san littattafanmu na da, ba ɗinki ba lambar shafi, falle-falle ne. Abin da ke riƙe da jerinsu 'yar kalma ce guda da mai kwafi ke ajiyewa can ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Gogan naki ya baza fallayen a kan tabarma yana sauri kada motar la'asar ta bar shi. Wasu suka hau kan wasu, bai kula ba. Ya yi ta ɗaukar hoto, tsakiyar rubutu kawai, don a ganinsa gefen takarda ba komai sai dauɗa da cin gara. Ya tattara su yadda suka zo hannunsa, ya yi sallama.

Da ya zauna a ofis sai ya ga abin da ya ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. Wata uwar marayu ta kai ƙarar wani madugu attajiri da ya cinye gonar mijinta, ta kawo shaidu biyu adilai. A hoto na gaba kuwa, sai ga alƙali ya kori ƙara, ya bar gona a hannun mai riƙe da ita. Ai kuwa alƙalami ya kama gudu! Ya rubuta maƙala, ya ce ga hujja ƙiri-ƙiri alƙalan wancan zamani 'yan amshin shatan masu hannu da shuni ne, ya kuma kama sunan alƙalin da garinsu. Aka buga, aka yaba, aka ƙara masa girma, har gidan rediyo ya je ya maimaita. Mutanen garin suka ji da kunnensu. Gidan da ake zuwa tun daga ƙauyuka don rabon gado, sai ƙafa ta ɗauke. A kasuwa ana nuna 'ya'yan gidan da baki, ana cewa ga jikokin mai cin gonar marayu.

Bayan shekara biyu dattijon ya aika a kira malamin. Ya je yana jiran zagi, da ma zagin aka yi masa da ya fi sauƙi. Aka kawo masa ruwa, aka kawo fura. Sannan tsohon ya buɗe gafaka, ya ɗora yatsa a kan 'yar kalmar da ke ƙasan shafin uwar marayu, ya ce ya karanta. Ya karanta. Tsohon ya ce to ya dubi farkon fallen da ya yi hukunci da shi. Ko kusa ba su haɗu ba, wannan ƙarshen wata shari'a ce dabam, ta wasu maƙwabta masu jayayyar iyaka. Tsohon ya zaro falle na gaskiya daga can baya, inda malamin da kansa ya cusa shi ran da yake sauri. A ciki alƙali ya mayar wa matar gonarta, har ya tilasta wa madugu biyan amfanin damina uku. Malamin ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Dattijon bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Malam, mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Shi ya sa muka ba ka amanarsa."

Malamin ya koma ya rubuta gyara, shafi biyu, ya nemi gafara. Wa ya karanta? Dattijon ya rasu mutane ba su dawo ƙofar gidansa ba. Bara ma wani ɗalibi ya zo kare digirinsa a gaban malamin nan, yanzu da furfurarsa, ya kafa hujja da zaluncin wannan alƙali, ya jingina maganar ga maƙalar malamin yana murmushi, wai shi yana girmama shi. Kada ki tambaye ni sunan malamin, Malama Uwani, shi ne zaune a gabanki, kuma wallahi har yau in na ga gafaka kunya ce ke fara kama ni. Ki tashi ki nemi mota, ki je ki riƙe littafin da hannunki, ki duba ƙasan kowane shafi kafin ki ɗora wa mamaci laifi. Hausawa sun riga sun faɗa: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.