Abin da Goɗiya Ta Rasa

A garin Naivasha na Kenya kowa na cewa uwar ɗakina ba ta taɓa amsa laifi ba. Saura kwana uku sukuwa, goɗiyarta da nake kula da ita ta ƙi ci, sai harbin bango.

"Ƙara ɗiga mata ruwan furannin nan mai kwantar da hankali. In ba ta natsu ba, nemi wani aikin!"

"Mama, ai ba magani..."

"Wa ya tambaye ka?"

Kwalba ta ƙare a banza. Da na gaji, na je ƙauye na dawo da akuyar da suka saba kwana tare da goɗiyar, wadda Mama ta kora don ta cinye mata furanni. Nan take goɗiya ta kafa kai a dusa.

Mama ta juyo gare ni.

"Baba, yi haƙuri."