Zuri'ar Kanar Hobbs

Madam Eudora Hobbs ta baje wasiƙu ukun a teburin baranda, ta danne su da kofin shayi don kada iskar teku ta kwashe. Ta lura Mista Brathwaite yana tsaye, ta bar shi a tsayen.

"Aikinka ɗan ƙarami ne," ta ce. "Ka je Bristol, ka samo mini sunan kakana a takardar jirgin da ya kawo shi. Sauran labarin ina da shi."

Lallai tana da shi. Shekara ashirin da biyu tana shugabantar Ƙungiyar Jikokin Jiragen Farko ta Barbados, kuma babu taron da aka taɓa tashi ba ta karanto wasiƙun nan ba. Wani mai kula da gonar rake ne ya rubuta su zuwa ga maigidansa a Ingila, tun daga shekarar 1638. Ta farko ta ce Kanar Hobbs ya iso lafiya, an ware masa wurin kwana shi kaɗai a jirgi, ranar sauka kuma ya ƙi taka ƙasa sai da ƙarti huɗu suka ɗauko shi. Ta biyu ta ce gwamna da kansa ya zo ganinsa, kuma Kanar ya karya wa magatakarda haƙora biyu saboda ya tsaya a bayansa. Ta uku ita ce abar sonta: muryar Kanar ana jin ta daga gona har coci, 'ya'yansa kuwa sun cika gundumar, duk ƙarfafa, duk masu taurin kai.

"Jini ke nan," takan ce, tana dafa ƙirji.

Da jinin nan ta kori mutum goma sha ɗaya daga ƙungiyar. Ta ƙarshensu Millicent Gittens ce, ƙawarta tun makarantar kwana, wadda aka gano kakanta bara ne, wanda aka kawo a jirgi ya yi aikin wa'adi na wasu shekaru. "Ba ni na kore ki ba, Milly," Eudora ta ce mata a gaban kowa. "Doka ce. Ki riƙa zuwa kallo, ba a hana kallo ba."

Yanzu saura wata biyu a buɗe mutum-mutumin Kanar, na tagulla, da takobi da gashin baki. Babu wanda ya san kamanninsa, don haka maƙerin ya ari hancin Eudora. Ita ta biya kuɗin aikin, bayan ta sayar da filin mangwaron da mijinta ya bari.

Mista Brathwaite, tsohon malamin tarihi, mutum ne mai sanyin magana. Bayan sati uku a Bristol ya kira ta.

"Madam, na sami takardar jirgin. Har da wasiƙa ta huɗu. Sai dai akwai abin da ya kamata..."

"Sunan yana ciki?"

"Yana ciki, amma ba a jerin..."

"To ai ba za a haɗa shi jeri ɗaya da gayyar jirgi ba!" Ta ajiye waya.

Da ya dawo ya zo gidan da ambulan a hannu. Ta aika a ce masa tana gwajin hula. Ya sake dawowa, ta leƙo ta taga ta ce ya adana, ranar biki zai karanta da bakinsa, don kada mahassada su ce ita ta ƙirƙira.

"Madam, don Allah ki duba ko layi ɗaya."

"Karantawa na ɗauke ka yi, Mista Brathwaite, ba shawara ba."

Ranar biki filin coci ya cika maƙil. An dafa kifi mai fiffike da tuwon masara da kuɓewa, giyar rake tana zagayawa. Limamin coci ya sa albarka, 'yan jarida sun kafa kyamarori. Can baya, a wajen igiyar da aka kewaye filin da ita, Millicent Gittens na tsaye da lemarta, ta zo kallo.

Aka yaye ƙyallen da ya rufe mutum-mutumin, tagulla ta ɗau rana, aka yi tafi. Eudora ta karanto wasiƙunta uku da ka, sannan ta miƙa wa Brathwaite makirufo. Ya dube ta ɗan lokaci. Ta yi masa alama da yatsa ya hanzarta.

Ya share murya ya fara. Wasiƙar ta ce Kanar Hobbs ya mutu bayan shekara goma sha tara a tsibirin, kuma duk gundumar ta yi baƙin ciki. Eudora ta kai hankici ido. Wasiƙar ta ci gaba da cewa Tom, baran da ya yi masa hidima tun daga jirgi, tsintacce ne marar sunan uba, shi ya sa mutane ke ce masa Tom na Hobbs, kuma da sunan nan aka ɗaura masa aure, da shi 'ya'yansa ke amsawa.

Hankicin ya tsaya a iska. Wani daga kwamiti ya yi tari.

"Wannan baran ne," Eudora ta ce da ƙarfi, har makirufo ya ɗauka. "Ina ruwanmu da bara? Karanto zuri'ar Kanar!"

Brathwaite ya juya takardar, ya gyara tabarau, ya karanta layin ƙarshe ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ya bar alfadarai tamanin da shida suna juya injinan rake, kuma ina roƙon maigida ya aiko mana da wani jakin irinsa a jirgi na gaba."